Injin Yankan Ciyawar Malam

Shekarar da maigidana ya yi ritaya, ya dawo daga kasuwar Maigatari da tsohon injin yankan ciyawa. Gidanmu na Gumel kuwa rairayi ne zalla, in ka ɗauke 'yar ciyawar bakin famfo da ba ta fi faɗin tabarma ba.

Injin irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya. Mutumin Damagaram da ya sayar masa ya ce ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya na mai ya ishi galan guda. Maigida ya ce wannan rowa ce. Injin tsoho ne, kuma baƙo, shi kuwa a gidansa ba a ba baƙo miya babu mai. Ya zuba uku.

Na ce, "Malam, inji ne fa, ba surukinka ba."

Ko kallona bai yi ba. Ya ja igiya, injin ya yi tari, ya turnuƙe gidan da hayaƙi, shanyata duk ta koma warin gareji. Kafin hayaƙin ya washe, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye ciyawar tas.

Sai dai sauro ya ƙaurace mana. Tun daga nan, duk damina maƙwabta ke zuwa aron injin, kowa da gwangwaninsa uku. Ko tsinke bai taɓa yankawa ba. Amma in aka yabe shi, sai Malam ya dube ni ya ce, "Da na bi ta taki, da yanzu ciyawa kawai yake yanka."