Rubutun da Ya Rufe Hannun Inna

Ina da shekara tara, ran wata Laraba cikin tsinkar tattasai, Inna ta riƙe min hannu a lambunmu na bakin Komadugu, kusa da Shetimari. Na fizgi tattasai ne da ƙarfi har reshen ya tsage. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa cikin laka, ta sa babban yatsa a gindin ɗan tattasan, ta murɗa kaɗan, sai ga shi a tafinta, reshen ko motsi bai yi ba. "Bar kallon bakina," ta ce, "kalli hannuna."

Haka muka tashi. Da sassafe mu buɗe wa ruwa hanya cikin fangali, da hantsi mu baza jan tattasai a rana muna korar awaki, yaji na sa mu atishawa da hawaye, mu ruga kogi mu wanke fuska mu dawo. Ban je lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na haifi uku na shiga yaƙi da jahilci, kuma na sha wuya kafin baƙi ya zauna min a ka. Don haka ina ganin girman rubutu.

Amma bana rubutu ya ɓata min rai. Ƙanena Bukar ya ɗauki bidiyon Inna tana tsinkar tattasai a zuwanta na ƙarshe lambun, kafin rashin tsaro ya koro mu Diffa, ta rasu a nan. Bidiyon nan kaɗai muke da shi. 'Yata Falmata, mai aikin ofis, wato buro, ta buɗe min shi ta intanet a ordinatarta, wato kwamfuta. Sai ga wani baƙin layi daidai kan hannun Inna, yana zubo Faransanci ba kai ba gindi. Wai na'ura ce ke rubuta abin da ta ji, da kanta. Wa ya aike ta? Matar da ba ta taɓa furta Faransanci ba, ta mutu a cusa mata shi, a kuma rufe mata hannu! Abin da ya fi ƙona ni, rubutun Falmata ke bi tana dariya, kakarta na aiki a ƙarƙashinsa.

Ni da ba a san ni da ɗaga murya ba, na ce, "Falmata, cire abin nan." Ta shiga wajen gyare-gyare ta ce, "Mama, ana iya rage shi, ko a ja shi sama."

"Sama, kan fuskarta? Kashe shi!"

Ta danna, layin ya ɓace, muka koma farko. Dariya ta tsaya. Can na ga babban yatsan Falmata yana murɗawa a kan tebur, ita kanta ba ta sani ba.

A da, in babba na aiki, shiru ake yi a zuba ido. Yanzu sai an nemo wajen kashe surutu kafin a ga hannun uwa. Lambun ya tafi, Inna ta tafi, amma murɗawar nan ta iso hannun jikarta.