Benen Kajin Gidiyon

Gidiyon mai walda ne a wata masana'antar robobi da muke aiki tare a Sharada, mutumin Zonkwa, kuma maƙwabcina a Panshekara. Aikinsa ƙera ƙafar tankin ruwa, amma zuciyarsa tana can sama da tanki. Da an tashi hutun rana sai ya zaro waya ya tsare mu da hotunan benayen ƙasashen waje: wani ya murɗe kamar alkaki, wani an shuka masa daji a ka. Burinsa ɗaya a duniya, ya ƙera benen da wani mai rai zai zauna a ciki.

Da babu wanda ya ba shi kwangila, sai ya koma kan kajin matarsa Asibi. Ya tattaro ragowar ƙarafa ya tayar da hawa bakwai a tsakar gida, ya ɗora su kan cibiyar tayar tirela don benen ya riƙa juyawa da iska, wai kowace kaza ta samu rabonta na inuwa. Har da lif ya yi, bokiti da igiya. A can ƙololuwa ya shuka alayyafo.

Ranar buɗewa ya loda kajin ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar hadari ya taso, bene ya kama juyi kamar fanka. Ƙwai uku suka tsallake katanga, ɗaya ya sauka a kafaɗar Malam Falalu, dattijon da ke kiwon tattabaru a bayanmu. Zakara kuwa ya diro yana tangaɗi, bai sake cara ba sai bayan kwanaki. Daga ranar ko tsaba aka zuba a bokitin, kajin sai dai su kalle shi su wuce.

Asibi ta ce wa mijinta, "Baban Godiya, in Kirsimeti ya zo babu mai kwana a abin nan, 'yan jari-bola zan kira."

Mun yi dariya har da riƙe ciki, ni ne kan gaba. Amma da na ga mutumin ya daina nuna mana hotuna, wallahi sai ya ba ni tausayi.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, Malam Falalu ya yi sallama rai a ɓace.

"Gidiyon, tattabaruna sun ƙaurace mini. Ga su can a hawa na shida, har da ƙwai."

Gidiyon ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko.

"Malam, ku yi haƙuri," ya ce. "Suna juyawa, kuma ba su sauka ba?"

"Sun ƙi sauka."

Asibi ta leƙo daga kicin, ta dubi benen, ta dubi mijinta, ta ja tsaki. Sannan ta ɗebo dawa da hannunta ta zuba a bokitin.

"To, Injiniya, me kake jira? Ja igiyar mana."