Hular Kawu Sale Ta Zama Kado

Jama'a, yau gunki ya ƙwace wa Kawu Sale hula a Treichville!

Na raka shi bakin tashar jiragen ruwa ya dubo kayansa, sai muka tarar da taro. Wai ma'aikatan jirgi daga Hawaii ne suka kafa mutum-mutumin wata mai rawa. Ba riga ba zane, sai banten ciyawa da furanni a wuya.

Kawu ya ce, "Subhanallahi! Mene ne wannan?"

Wani ƙato cikinsu ya nuna ta yana murmushi, ya ce, "Hula! Hula!"

Ashe sunan rawarsu ke nan. Ina Kawu zai sani?

Ya ce, "Mace tsirara, hula ce damuwarka? To ga ta, a fara daga nan."

Kafin in buɗe baki, ya cire zanna bukar ɗinsa sabuwa fil, ya kafa mata. Wuri ya ɗauki tafi! Ƙaton ya rungume shi har da hawaye!

Da na fassara wa Kawu, ya koma zai ɗauke hularsa. Ɗan sanda ya tare shi: "Tonton, kado ne, ba a taɓawa!" Wato da Faransanci, "Kawu, kyauta ce."

Yanzu muna motar Adjamé, sanƙonsa sai ƙyalli yake. Ya ce, "Allah na gode da sunan rawar ba wando ba ne."