Akuyar da Inna Ta Kai Coci

A wani ɗan ƙauye bayan Gude aka haife ni, gidan Maguzawa, kuma ba na rage murya in zan faɗa. Inna giya take dafawa. Da ita ta ciyar da mu, da ita ta yi mana kayan ɗaki. Rumbunta daban da na Baba, gayaunarta daban. Ni ce 'yar fari, don haka har ta bar duniya ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke 'yar nan", ko bayan na yi jikoki.

Aure ne ya kai ni garin Mainika. Can na shiga bin Almasihu, can kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina. An yi dariya, wai tsohuwa da fensir. Su yi ta yi. Ga shi yau da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda zai rage mini gishirin magana a hanya.

Inna tana da doka ɗaya da ta fi ƙarfin kowa: hannu ba ya zuwa wayam, kwano ba ya komawa wayam. In maƙwabta suka aiko da tuwo, sai ta wanke kwanon ta zuba gyaɗa ko daddawa ko ƙwai, ko da shi ke nan a ɗakin. Haka take da mutane, haka take da iskoki. A gidanmu kowane iska da abin da yake ci. Wani jan zakara, wani farin rago, wata baƙar akuya. Ka kai gindin tsamiya a yanka, su ƙyale ka da iyalinka. Ka hana, su taɓa ka. Da wannan ta tashi, da shi ta tsufa.

Na yi shekaru ina yi mata maganar ceto. Sai ta ce, "Ku dai ku je. Ni na tsufa da sabon miji."

Wani rani ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Baba ya riga ya rasu, sai na tattaro na dawo jinyarta. Ranar Lahadi na shirya zan tafi ɗan cocin da ke gefen ƙauyen, na ce mata ga kunu nan a rufe. Na fita na bar ta.

Muna tsakiyar waƙa, mata suna buga tulu, sai muka ji kukan akuya a bakin ƙofa. Na waiga. Inna ce, da sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, tana haki, ga baƙar akuyarta mai sheƙi wadda ko mu ba ta bari mu taɓa. Waƙa ta mutu a bakin mutane.

Ta ce, "Wane ne babba a nan?"

Fasto ya sauko. Saurayi ne, sabon zuwa, ko gemun kirki bai tara ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi gida. Ta amsa duka, sannan ta miƙa masa igiya.

"Na kawo wa Yesun naku. 'Yar nan ta dame ni da zancensa, ni kuma na ji hanya ta matso. In baƙa ba ta yi masa ba, ku faɗa mini kalar da yake ci, in sa a canjo a kasuwa."

Coci ya fashe da dariya. Har matan da suka sha giyarta a ɓoye kafin su tuba, su ne masu riƙe ciki. Baba Sakatare, dattijon da ke riƙe da al'amuran ikilisiya, bai yi dariya ba, sai ya toshe hanci kamar da tukunyar giya ta shigo.

Fasto ya ce, "Inna, ba ya karɓar akuya. Shi ne ya ba da jininsa domin mu, yanka ya ƙare. Ceton nan kyauta ne. Alheri ne kawai, sai dai ki karɓa."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Kyauta? Yaro, na yi maka kama da mai bara?"

Ta ja akuyarta ta fita. Na bi ta, ban ko tsaya addu'ar rufewa ba. A hanya sai da ta zauna a kan kunyar gona tana neman numfashi, amma ba ta yarda na riƙe igiyar ba.

A gida muka yi ta yi. Na ce, "Inna, ruwan sama fa, wa ya taɓa biya?"

"Mu mana. Bunsuru nawa ubanki ya kai gindin tsamiya?"

"Gonar mai unguwa fa, shi da bai kai komai ba?"

"Su Musulmin ma ai suna fita roƙon ruwa, har gumba suke rabawa. Ba mai cin banza, 'yar nan. Wanda ya ba ki ya hana ki ramawa, so yake ki sunkuyar da kai har abada."

Na iya karatu, amma ban iya Inna ba.

Ciwo ya kwantar da ita. Ba dafa giya, ba zuwa gona, rumbu ya yi ƙasa. A nan Hajiya ta shigo zancen. Hajiya matar marigayi mai unguwa ce, Musulma, sa'ar Inna. Tun suna 'yan mata rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma ba su taɓa haɗuwa ba sai sun tsokani juna. Da ta ji Inna ba ta iya haɗiye tuwo, kullum da safe sai ta dama kunun gyaɗa a wata shuɗiyar langa. Ni ke zuwa in ɗauko, ni ke mayarwa.

Kullum kuma sai Inna ta tsayar da ni. "Me kika sa a ciki?" Muka fara da ƙwai. Kaza ta daina, muka koma daddawa. Daddawa ta ƙare, muka koma garin kuka, muka koma busasshiyar kuɓewa, har barkonon da ke rataye a rufin ɗaki sai da ya tafi. Hajiya ta aiko ni da saƙo: a gaya wa wannan mai taurin kan ta daina, ba ciniki ake ba. Inna ta ce a gaya wa Hajiyar ƙauye ta je ta yi wa jikokinta doka.

Rannan na wanke langa na tsaya. Na duba ɗaki, na duba rumbu, na dawo na ce, "Inna, babu."

"Duba ƙarƙashin gado."

"Na duba."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "To kada ki mayar. In kin mayar wayam, ta san mun ƙare. Gobe ma kada ki je."

Na ɗauki langa na mayar, wayam, tana kallona. Har na kai zaure ina jin zaginta.

Washegari ban je ba. Hantsi ya yi sai ga sallama. Hajiya ce da kanta, da carbi a wuya, tana ɗingishi, langa a hannu, cike har tana zuba ta gefen murfi. Ta zauna a bakin gado ba wanda ya ce ta zauna.

"Tashi ki sha, uwar girman kai. Jiya ne kawai na ji daɗin buɗe kwanon nan. Kullum sai na tarar da tarkacenki, ni da kuka ta yi mini yawa a gida."

"Ba ni da abin ba ki."

"Wa ya tambaye ki? Buɗe baki."

Da ludayi ta riƙa ba ta. Inna tana sha, hawaye yana bin kuncinta yana shiga kunun. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne Baba.

Bayan Hajiya ta tafi, Inna ta daɗe tana kallon langar. Sai ta ce, "Ke 'yar nan. Shi ma Yesun naku haka yake?"

Na ce haka yake, har ya fi.

"Ya san giya nake dafawa?"

"Ya sani."

"Ya san tsamiya?"

"Ya san kowane zakara da kika kai."

Sai ta buɗe tafukan hannunta a kan zane, ta ce, "To je ki gaya masa na karɓa." Na ce ba sai na je ba, yana jin ta. Ta faɗa masa da bakinta, ba ado, kamar mai yi wa maƙwabci magana ta kan danga.

Ni a zatona faɗa ya ƙare. Ashe rabi aka yi.

Na je na nemi a yi mata baftisma, wankan ruwan nan na masu bin Almasihu. Dattawa suka zauna a inuwar darbejiya bayan sujada, ni a tsaye. Baba Sakatare ya ce akwai ƙa'ida. Sai ta shiga ajin masu neman baftisma har bayan kaka. Sai ta haddace abin da ake haddacewa. Sai ta fasa tukwanen giya a gaban jama'a, a ga 'ya'yan tuba. Ya ce sun sha gani, mutum ya ji ciwo ya rugo coci, ya warke ya koma tsamiya. Wannan gaskiya ne, na san wasunsu. Amma Inna ba warkewa za ta yi ba, kuma kowa a inuwar nan ya sani.

Na ce, "Baba Sakatare, matar da ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta, ita ce za ta zo aji? Ranar da ta kawo akuya an yi mata dariya, an ce kyauta ne. Yanzu ta zo hannu wayam, kun ce ina akuya. Taku dai ba ta kuka, shi ke nan bambancin."

"Ke jiya-jiya kika koyi haɗa baƙi, za ki koya mana tafiyar da ikilisiya?"

"Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji Yesu, wane aji ya shiga?"

Ya yi murmushi. "Madalla. Shi ma ai ba a yi masa baftisma ba."

Dattawa suka yi dariya, aka tashi. Ya kayar da ni, ban musa ba. Na kama hanya ina huci, sai da na kusa gida maganarsa ta dawo mini. Ba a yi masa ba. Kuma ya shiga Aljanna. Na tsaya a tsakiyar hanya na yi dariya ni kaɗai, har wani mai amalanke ya waiwayo.

Fasto ya biyo ni da yamma, kansa a ƙasa. Ba shi da ikon tsallake dattawa, ya faɗa ba ɓoye-ɓoye. Ya riƙe hannun Inna ya yi addu'a. Da ya gama ta ce, "Ruwan fa?"

Na gaya mata yadda aka yi.

"Shi ne ya ce sai da ruwan zai karɓe ni?"

Fasto ya ce, "A'a, Inna. Ruwan shaida ne a gaban mutane. Shi ya riga ya karɓe ki."

"To ku bar su da ruwansu. Rani ne, ƙila tsimi suke."

Ba ta ga kaka ba. Ruwan fari ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, ta tafi da hantsi, kanta a cinyata. Dattawa suka ce maƙabartar coci ta masu baftisma ce. Ban roƙe su ba. Muka haƙa mata a bayan ɗakinta, kusa da rumbun, Fasto ya zo ya tsaya a kan kabarin, na ja waƙa da muryata mai kaushi, wanda zai amsa ya amsa. Hajiya tana cikin gida tana karɓar gaisuwa kamar 'yar'uwarta ce ta ciki ɗaya.

Saura akuya. Dangin Baba suka ce a kai ta tsamiya, kada iskoki su biyo bashi. Na ce wanda ya isa ya kwance igiyar. Na sa ɗan Hajiya ya yanka, don kowa ya iya ci. Ba don iskoki ba, ba kuma don sayen wani abu a wurin Allah ba. Don cikin mutane. Na dafa ta da shinkafa, na cika shuɗiyar langar nan, na ɗauka da kaina har gidan Baba Sakatare.

Matarsa ta juye, ta wanke, ta zuba gyaɗa za ta miƙo mini. Na kife gyaɗar a faifanta.

Shi yana zaune a tabarma, ya riga ya kai loma. Ya ce, "Wannan fa na mene ne?"

Na ce, "Akuyar Inna ce, Baba. Ci. Ba sai ka shiga aji ba."

Har yau a cocin nan wasu in sun tashi lissafa waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji, sukan tsallake ta. Ni kuwa in aka ba ni addu'a, da ita nake farawa, da ƙarfi, ina gode wa Allah da ya karɓi mai dafa giya hannu wayam. Wanda abin ya yi wa ciwo, ya daina ba ni addu'a.