Goggo Kar-a-taɓa da Ƙofar Gidanta

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Goggo Kar-a-taɓa ake ce mata, ita kuma ta amsa da fara'a, don da guminta ta samo sunan. Tela ce, keken ɗinkinta yana bakin tagar falo, inda ba abin da ke wucewa a titi bai gaisa da idonta ba. Ranar da magina suka zo da guduma za su rushe tsohon gidan da ke kallon nasu, da almakashi a hannu ta fito. Daga nan ta yi ta zarya a ofishin hukumar kula da tsofaffin gine-gine, har ma'aikatan suka gaji suka ware mata kujera. A ƙarshe aka sa layin gaba ɗaya cikin kariya: ba mai canza ƙofa ko taga ko fuskar gida sai da izini. Maƙwabcinta da ya ci burin manna gilashi a gaban gidansa ya daina gaishe ta. Ko a jikinta.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, mai gyaran agogo, mutumin da bai taɓa iya wuni a ɗaki ba. Aka sallamo shi daga asibiti a kan keken marasa lafiya, kuma a bakin gida aka tsaya cirko-cirko. Tsohuwar ƙofar nan mai sassaƙa, wadda Goggo ke gogewa da mai kamar jaririya, ta yi wa keken kaɗan. Sai an cicciɓi mutum kamar buhu, an naɗe keken, sannan a wuce. Sau ɗaya aka yi masa haka a gaban jama'a, ya ce ba zai ƙara fita ba. Ya koma zaman falo, ya zuba wa bango ɗaya ido, yana ta ramewa. Abin ya ci wa Goggo rai ƙwarai.

"Mama, mu fasa gefen ƙofar nan kawai," in ji babban ɗanta. "Wa zai kai ƙara? Ai ke ce mai kai ƙarar."

"To sai in kai kaina," ta ce. "Ni da na hana mutane, ni zan fara? Da wane ido zan kalle su? Amma babanka zai fita, ka zuba ido."

Ta kira jami'ar hukumar. Matar ta zo ta auna, ta shafa sassaƙar, ta girgiza kai.

"Goggo, wallahi ina jin nauyinki, amma wannan ƙofar ba ta taɓuwa. Abin da doka ta yarda shi ne a mayar da abu yadda yake tun asali. Da a ce akwai wata ƙofa da aka taɓa toshewa, da na tsaya miki."

Goggo ta tsufa a gidan nan, ba ta san da wata ƙofa ba. Sai suka ji ƙwas-ƙwas daga kusurwa. Maigidan ne ke buga bangon nan da yake yawan kallo, da sandarsa, daidai gefen kabad. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce a da akwai ƙofa a nan, ta nan kakansa yake shigo da amalanken kaya, mahaifiyarsa ce ta sa aka toshe wurin saboda shi, don yana yaro ya cika sulalewa titi.

"Au, ashe yawon naka tsohon ciwo ne!" in ji Goggo, tana dariya tana share ido. "Shi ne ka yi shiru muna ta fama, Malam?"

Aka janye kabad, magini ya ɓare filasta a hankali, jami'ar tana ɗaukar hoto. Sai ga siffar ƙofa mai faɗi, daidai da ƙasa, har da tsofaffin ƙarafan da ke riƙe da ita a da. Izini bai fito da wuri ba. Goggo ta koma kujerarta ta ofis, ta zauna musu har ya fito.

Ranar da aka buɗe sabuwar tsohuwar ƙofar, rabin layin ya taru, har da maƙwabcin nan mai gilashi, ya harɗe hannu wai wucewa yake yi. Goggo ta gyara wa mijinta hula, ta zagaya ta kama bayan keken za ta tura. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ita.

"Kar a taɓa," ya ce.

Ya dafa taya, ya ja ƙasa da ƙafa ɗaya, ya fita titi da kansa.