Ƙafar Inna da Maganin da Ba a Rubuta Ba

Wata Lahadi ce a tsakiyar damina, ranar kasuwar Jibiya, ina aji biyar a firamare, Inna ta dawo daga bakin iyaka tana barin sawun jini a tsakar gida ba ta sani ba. Ni na nuna mata. Ta sauke kwanon dambu daga kanta, ta ɗaga ƙafar dama, sai ga ƙusa ta huda silifas ta shige tafin ƙafar. Ta zare ta, ta jefar bayan danga, ta ce, "Ƙahwar talaka ai ƙarhe ce." Muka kwashe da dariya, ni da ƙannena. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda mutum zai taka ƙusa ya yi tafiya da ita har gida bai ji ba.

Gidanmu a Magama yake. Inna na sayar da dambu da kwaɗon zogale ga direbobin da ke jere da manyan motoci suna jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi. A irin wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, Baba kuma yana gona daga safe har la'asar yana noman gero, don haka kwanon Inna ne ke riƙe da gidan. Ni ce babba. Kafin in tafi makaranta sai na tsinke zogale na wanke tukwane, in na dawo in ɗebo ruwa, sannan in samu in fita mu yi 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida. Mun daɗe muna tsokanar Inna da yawan shan ruwa, muna ce mata randa. Tana ramewa muna cewa wahalar talla ce.

A wajenmu duk ciwon da ya samu ƙafa gashi ake yi masa. A tafasa ruwa da gishiri, a tsoma tsumma a danna, in mai ciwo ya yi ƙara an san magani ya shiga. Ni aka ɗora wa aikin. Ina dannawa ina kallon fuskar Inna, ita kuwa tana tsinke zogalenta tana cewa, "Ƙara zahi, ke, ban ji komi ba." Sai in ƙara itace. Har yatsuna suka kasa riƙe tsumman, na koma ɗaga shi da muciya. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ciwon da ba ya zafi ai ya kama hanyar warkewa, muka ji daɗi. A kwana na huɗu fatar ta saluɓe, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, wani wari ya fara tashi. Nakan toshe hanci da mayafi in ta juya baya, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Ranar Juma'a Baba ya ɗora ta a amalanke muka tafi wani ƙaramin asibiti. Akwai wani dattijo a can, Malam Lawal, wanda ya yi shekaru yana koyon aikin ƙafa a asibitin kutare, har mutane na kiransa Mai Ƙafa. Ya sa Inna ta rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarta da wani siririn tsinke yana tambaya ko ta ji. Ba ta ji ko sau ɗaya ba. Ya tambaya wa ya yi gashin, na ce ni ce. Ya ce, "Ba laihinki ba ne, ɗiyata. Ciwon suga ne ya kashe mata jin zahi, ruwan kuma ya dafa naman." Ban ji rabin farko na maganar ba, na biyun kawai na ɗauka na tafi da shi.

Ya wanke ciwon, ya yanke mataccen nama, ya ɗaure. Sannan ya ce akwai allurar da take bukata yau ɗin nan, tana nan cikin ɗakin magani, amma ba a fitar da ita sai da rubutun likita. Likita kuwa daga Katsina yake zuwa ranar Alhamis kaɗai, jiya ya zo ya koma. Ya ce mu wuce Katsina. Inna ta ce ko gawarta, duk wanda aka kai can da ciwon ƙafa da sanda yake dawowa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba ya cire hularsa ya durƙusa gaban wani namiji.

"Malam, ka san maganin. Don Allah ka rubuta, ko a bayan katin nan ne."

"Malam Sule, tashi. Wankewa da ɗaurewa su ne nawa, rubutu na likita ne. Ko na rubuta ba za a ba ka ba, doka ba ta san hannuna ba."

Muka dawo gida jiran Alhamis. Ranar kasuwa Baba ya sayo kafso ja da yalo wajen mai tallar magani a faranti, yana ɓarewa yana barbaɗa garin a ciwon. Malam Lawal kuwa kullum da sassafe sai ya zo a kekensa ya sake ɗauri. Yakan zana layi da biro a ƙwaurinta, daidai inda jan ya tsaya, washegari mu tarar jan ya haye layin. Na daina zuwa makaranta. Ina zaune gefenta ina kore ƙudaje ina kallon layukan suna hawa, ɗaya bisa ɗaya, ina roƙon Allah Ya mayar da ciwon zuwa ƙafata. Zazzaɓi ya rufe ta, tana sambatu wai dambu zai kama, a sauke.

Alhamis ta zo, likita bai zo ba, an ce wani aiki ya tare shi. Malam Lawal bai ƙara neman yardar kowa ba. Da kansa ya fita titi ya tare mota, shi da Baba suka ciccibi Inna suka sa a baya. A Katsina aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan can ya gaya wa Baba da an fara allurar kwana shida baya, da wataƙila yatsa kawai za a rasa.

Inna ta rayu shekaru bayan haka, amma ba ta sake zuwa bakin iyaka ba, ba ta kuma taɓa ambata gashin nan a gabana ba. Ni ce ban yafe wa kaina da wuri ba. Kwanan baya ina wanke-wanke na ji a rediyo wai a wata ƙasa an gyara doka, masu aikin ƙafa sun sami ikon rubuta wasu magunguna da hannunsu. Na kashe famfo na zauna. A can gyara ne na 'yan layuka a takarda, mu kuwa tsakanin mutumin da ya san maganin da ɗakin da maganin yake, ko taku goma bai cika ba. Da ikon nan yana hannun Malam Lawal a daminar nan, da Inna ta raka ni ɗakin aurena da ƙafafunta biyu.