Hayaƙin Gidanmu

Jikata da ke karatu a Bici ta zo hutu da wani littafin Turawa. Ni ban yi boko ba, sai ta zauna tana fassara mini, ina tsinke zogale. Wai wasu mutane ne jirginsu ya nitse, suka maƙale a tsakiyar ruwa kan wani tudu, suka hura wuta don a hango hayaƙi a zo a cece su.

"Iya, malaminmu ya ce hayaƙin nan alama ce ta sa rai," in ji ta. "Muddin yana tashi, ceto na tafe."

Na ce, "Malamin naku ya taɓa kwana da yunwa?"

"Kai, Iya, ke dai ba ki da dama!"

Ita ta yi dariya, ni ban yi ba.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbunmu ya zama kango. Muka ci dusa, muka ci tafasa ba ƙuli, har gidan tururuwa muka tona muna neman ƙwaya. Ina da yaro sabon yaye. Cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fi tsoron bakin mutane a kan yunwa. A garinmu danga ce kawai ta raba gida da gida. Gidan da aka wuni ba a ga hayaƙinsa ba, kowa ya san sun ƙare. Sai ya sa mini doka: kullum da la'asar in hura kara, in ɗora tukunya da ruwa zalla, in dinga buga taɓarya a turmin da babu komai.

Na ce, "Malam, yaron nan fa?"

Ya ce, "Allah zai kawo. Ba za a ce gidan ubana ya mutu ina raye ba."

Allah kuwa ya kawo. Yayana mai fatauci ya taso daga Kano da buhun dawa a jaki, yana bin dangi, yana sauke wa wanda ya fi galabaita. Tun daga bakin gari ya hango hayaƙinmu. Ya iso zaure ya ji daka. Ina jinsu suna gaisawa, maigida na cewa lafiya lau, sai godiya. Yayana ya leƙo ta kan danga.

"Ƙanwata, ashe ku kam da sauranku! Ci gaba da dakanki, kada tuwo ya yi dare."

Na buɗe baki, maigida ya zuba mini ido. Ina riƙe da taɓarya na ji ana kora jakin, ya nufi Rimin Gado wajen gwaggonmu, wadda murhunta ya daɗe da sanyi.

Yaron bai ga lokacin girbi ba.

Da yayana ya dawo gaisuwar rasuwar ya ji gaskiya, ya zauna a ƙasa yana ta maimaita abu ɗaya: "Na ga hayaƙi. Wallahi na ga hayaƙi."

Jikata ta rufe littafin. "To Iya, me zan ce wa malamin?"

Na ce, "Ki ce masa kakarki ta hura irin wannan wutar. Kowa ya ga hayaƙin, ba wanda ya leƙa tukunyar."